Matar da Ta Yi wa Taliganj Takaba

Kowace safiya Bokul Moitra takan tsaya gaban madubi ta zizara jan garin sindur, alamar aure, a tsagar gashinta, kamar kowace mace mai miji a raye. Sai ta gyara fararen awarwaronta na aure, ta ajiye wa maigidanta Tarapodo maganin zuciyarsa, ta hau mota zuwa Taliganj, unguwar nan ta birnin Kolkata inda ake shirya finafinanmu. A can, cikin ɗakin kwalliya, sai ta zauna a goge jan nan tas, a zare awarwaron, a naɗa mata farin sari na takaba. Sana'arta ke nan tun kafin a haife ni. Ita ce uwar da mijinta ya mutu.

Kun san fuskarta ko da ba ku san sunanta ba. Ita ce mai zama kan keken ɗinki don ɗanta ya yi karatu, ita ce mai tsayuwa bakin ƙofa idan 'yan sanda sun zo kama jarumi. Ta yi shi da harshen Bangla, ta tafi Bombai ta yi shi da Hindi, har ta yi uwa ga jaruman da suka girme ta. Ba ta taɓa samun kyautar yabo ba. Masu rabon kyaututtukan suna can suna rataya wa junansu furanni.

Ku tambayi Gofur-chacha, wato Baba Gofur, tsohon mai kwalliyar da ya daɗe yana goge mata goshi. Shi ya ba ni labarin yadda abin ya faro. Manyan jarumai mata, da zarar an zo wurin da za a fasa awarwaro a goge sindur, sai ciwon kai ya kama su. Wace ce za ta jawo wa mijinta mutuwa saboda fim? Sai darakta ya ɗaga murya, "A kira Bokul!" A matso da kyamara kan hannu kawai, a fasa. Gofur-chacha, wanda kamar mu duka yake kiranta Bokul-di ko Didi, wato Yaya, ya ce, "Wallahi rabin takabar da kuka yi wa kuka a silima, hannun Bokul-di ne. Masu fuskar suna can ƙarƙashin fanka suna shan ruwan kwakwa."

Ladan da ta samu a gida kuma shi ne a hana ta taɓa tiren kurkum na amarya ranar bikin 'yar ƙanen mijinta, wai hannunta ya saba da mugun abu. Tarapodo ne kaɗai bai taɓa damuwa ba. Tsohon direban tiram ne, jirgin ƙasa na cikin gari, bakinsa ba ya hutawa. Wata rana da aka rasa hoton mamaci da za a rataya a bango a wani fim, nasa ya bayar, aka sa masa furanni. Yakan ce, "Duk Kolkata babu mamacin da ya kai ni cin kifi."

Yanzu yana kwance a asibiti. Gobe za a buɗe masa ƙirji, likitoci kuma ba su yi wa kowa alkawari ba. Jiya kuwa ita ce ranar da aka tsara ɗaukar fitowar Bokul-di ta ƙarshe, a fim ɗin da ta ce daga shi ta ajiye aiki. Ina wurin, domin ina cikin mataimakan darakta. Abin da ya rage mata a ɗauka shi ne fasa awarwaro.

Tana zaune gaban Gofur-chacha sai ga Renu, ƙanwar mijinta, ta faɗo ɗakin da lema a hannu.

"Matar yaya, kanki ɗaya kuwa? Mutum yana can da roba a hanci, ke kina nan za ki goge shi daga goshinki?"

"Renu, zauna ki huce. Hawan jini zai kai ki gadon kusa da nasa."

"Ki yi ta ba'a! Idan wani abu ya same shi, da wane ido za ki dubi dangi?"

Orko, daraktanmu, ya leƙo yana murza hannu. "Bokul-di, a bar shi mana. Mu ɗaga, ko mu sami wata yarinya a ɗauki hannunta kawai."

"Wace yarinya? Ita ba ta da miji, ko nata ba ya mutuwa?"

Gofur-chacha ya ajiye audugarsa ya ce, "Didi, yau kam ba zan iya goge miki ba."

Ta ce, "Tsoro nake ji, Gofur, kada ka zaci ba na ji. Amma idan na janye yau ya tashi, za su ce janyewar ce ta tashe shi, kuma duk yarinyar da ta zo bayana sai ta zaɓa tsakanin aikinta da ran mijinta. Tarapodo ma da safen nan cewa ya yi in je in kashe shi da kyau, kada darakta ya sa a maimaita. Miƙo audugar."

Da hannunta ta goge. Sau ɗaya aka ɗauka. Da awarwaron ya tarwatse a kan dutse, Renu ta toshe baki ta fice.

Abin da ya hana ni sukuni ya biyo baya. Mu da muka yi jami'a, masu zama a gidan shayi muna zagin camfi, sai ga mu muna buɗa mata hanya fiye da yadda ake buɗa wa babba. Wata ta janye jakarta daga kujerar da za ta zauna. Wani ya raɗa wa na kusa da shi, "Da dai ta haƙura." Shekara da shekaru mun ɗora mata abin da muke tsoro, mun sayar da tikiti da hawayenta, yau kuma muna shirin ɗora mata laifin jijiyar da ta toshe. Ina amfanin karatun namu?

Bokul-di, ke ce kika ɗauki takabar da ba taki ba don wasu su koma gida hankali kwance. Ke ce uwar marayun fim, mai kuka a madadin masu suna. Ba rashin tsoro na gani a wurinki jiya ba, na ga mai tsoro da ta ƙi miƙa tsoronta ga 'yar wani. Mun gode, kuma mun makara da godiyar.

Ban san abin da likita zai fito ya faɗa gobe ba, kuma ina fargabarsa. Amma 'yan Taliganj, darakta da jaruma da mai jan waya, ku ji ni tun kafin labarin ya fito, domin bayan ya fito kowa zai ce dama ya sani. Idan ya tashi, aikin likita ne. Idan bai tashi ba, zuciya ce ta gaji, ba hannun matarsa ba. Bencin da ke ƙofar ɗakin tiyata dogo ne, ita kaɗai za ta zauna a kai idan ba mu je ba. Ku zo, kuma wanda ya zo ya zauna dab da ita, kafaɗa da kafaɗa.