Bakan da Auta Ba Ta Rufe Ba

A ɗakin gwaje-gwaje na asibitin da take aiki, kowa Auta yake ce mata, har likitocin da ta girme su. Daga gida sunan ya biyo ta ya maƙale. Aikinta ɗibar jini, kuma Allah ya ba ta hannu: duk jijiyar da ta ɓuya wa kowa, ita ake kira. Tana da miji, da yara biyu masu ƙiriniya, da wankin da ba ya ƙarewa. Yayyenta duk sun yi nisa, sai dai waya. Saboda haka da idon mahaifinsu ya tafi, ba a zauna rabon aiki ba. Kowa ya san kan wanda abin zai faɗa.

Baba malamin lissafi ne, ya koyar a sakandare har ya yi ritaya. Hawan jinin ido ya ci ganinsa a hankali, daga gefe zuwa tsakiya, har ya bar shi da bambance haske da duhu kawai. Kai kuwa garau. Sai ya ƙudurta zai rubuta littafi saboda yaran da lissafi yake faɗar wa gaba, ya zuba musu yadda yake warware shi a aji. Shi zai riƙa faɗa, Auta ta buga.

Wani tsohon ɗalibinsa ne ya sa mata wata manhajar rubuta lissafi a kwamfutarta. Fuskar ta rabu biyu. A hagu tana buga lissafin da alamomi barkatai, a dama ya fito tsaf kamar a littafi, na sama a sama, na ƙasa a ƙasa. Duk Asabar da rana takan zo, su zauna a teburin falo kusa da taga. Baba yana faɗa, hannunsa yana yawo a iska kamar da alli a ciki.

"Buɗe baka. Biyar a tara da x. Rufe baka. Duka bisa biyu."

Ita kuwa Auta tun tana makaranta ba ta ga-maciji da lissafi. Mijinta yakan tsokane ta, wai gidan maƙeri ne aka haifi mai tsoron wuta. Tana bugawa ne ba tare da ta san abin da take bugawa ba.

Wata Asabar suna cikin babi na huɗu, sai ɓangaren dama ya yi fari fat. A shafin da suke babu komai sai jan layi da wani dogon Turanci da ba ta tsaya karantawa ba. Ta kashe kwamfutar ta kunna. Ta rufe manhajar ta sake buɗewa. Ta danna wajen sabuntawa, aka ce ai sabuwa ce.

"Baba, abin ya daina nunawa."

"Duka?"

"A'a. Na farkon suna nan. Daga wajen na makon jiya ne babu."

Hannunsa ya sauko kan gwiwa. "To ai inji ba ya son kai. In ya karɓi na farko ya ƙi na baya, a na bayan matsalar take."

"Wataƙila," in ji ta, tana naɗe wayar caji.

Asabar ta gaba ta kira shi ta ce ba a gyara ba tukuna. Ranar ta yi barcin rana, abin da ta manta yadda yake. Wadda ta biyo baya ta je kitso, ta zauna ana hira ba ta duba agogo ba. Ta kai yara wurin wasa. Kwamfutar tana saman kwaba, kuma kullum ta gan ta sai ta ce gobe. Daɗi ta ji, daɗi sosai, kuma Baba bai ƙara tambaya ba, sai ta ɗauka shi ma hutawa yake yi.

Wata Laraba ta tashi aiki ta biya ta kai masa maganin ɗigawa. Tun daga ƙofa ta ji muryarsa ƙasa-ƙasa. Yana zaune shi kaɗai a falo, yana biya sau kamar ɗan firamare.

"Bakwai sau takwas, hamsin da shida. Bakwai sau tara..." Ya ji motsinta. "Auta ce? Zo ki saurara mini. In na yi kuskure kada ki rufa mini asiri."

"Baba, me ya kawo wannan?"

"Haka ruɗewar Kawunku ta fara. Shi ma yana ganin daidai yake, mu muna kallonsa." Ya shafa goshinsa. "Na bi babin nan a kaina ya fi a ƙirga, ban ga inda na kauce ba. Abin da ya fi tsorata ni ke nan. Na ce ko kan ne ya bi idon. A bar littafin nan, kada in koya wa 'ya'yan mutane shirme. Kuma kada ki gaya wa yayyenki."

Da ta zo ɗiga masa maganin, ita da ba ta kuskure jijiyar jariri sai da ta zubar da ɗigo a kumatunsa.

Washegari ta roƙi abokiyar aikinta ta riƙe mata, ta ɗauki kwamfutar ta nufi wajen mai gyara. Shagon ƙarƙashin matakala yake, ƙunci, ga warin dalma. Mai gyaran dattijo ne, tabarau rataye a wuya. Ya saurare ta, ya buɗe sabon fayil, ya ce ta buga kowane irin lissafi. Ta buga ɗaya bisa biyu. Ya fito tsaf.

"Malama, manhajarki lafiyarta ƙalau. Ciwon yana cikin rubutun."

"Wato lissafin ne ba daidai ba?"

"Ina ruwanta da daidai? Ki rubuta ɗaya da ɗaya goma, za ta ƙawata miki shi. Bugu take dubawa, ba amsa ba. Ni lissafi ba gonata ba ce, amma ga dabara. Raba babin biyu, ki zuba rabi a sabon fayil. Rabin da ya ƙi fitowa, ki sake raba shi."

Ya koma kan wata waya da yake fiɗa, ya bar ta tsaye a bakin kantar shagon. Ta raba, ta zuba, ta sake rabawa. Shafi ya koma rabin shafi, rabi ya koma 'yan layuka, har ya rage layi guda. Ta bi shi da farce. An buɗe baka, ba a rufe ba. Manhajar tana ta jiran rufin, ta haɗiye duk abin da ya biyo baya.

Ta gane layin. Ranar da take buga shi, daidai nan ne wayarta ta yi ƙara, ƙawayen aiki suna shaƙiyanci a kan wani sabon likita. Da hannu ɗaya ta mayar musu da amsa, bakinta yana cewa, "Ina jin ka, Baba." Yanzu ta danna maɓalli ɗaya, ta rufe bakan. Babin ya zubo gaba ɗaya, shafi bayan shafi.

"Kin gani," in ji mai gyaran, bai ko ɗago ba. "Ba a kuka a shagona, akwai wuta."

Daga nan gidan Baba ta wuce. Ta gaya masa ita ce ta tsallake baka, lissafinsa ba abin da ya same shi. Ya yi ɗan murmushi.

"Auta, lallashi sana'arki ce. Haka kike ce wa mutane allurar ba zafi."

Ta rantse, bai yarda ba. Sai da ya sa ta ɗauko biro da takarda, ta karanta masa layin, ta sa lamba a gurbin x, ta bi matakan da kanta. Ta ɓata sau biyu, yana gyara mata. Da amsar ta fito, ya sa ta gwada wata lambar. Ita ma ta fito. Ya jingina da kujera ya sauke numfashi.

"Wayar ce ta ɗauke miki hankali?"

"Wayar ce, Baba."

Ya gyaɗa kai. Maganar barcin rana da kitso da kwamfuta a saman kwaba kuwa, ba ta iya faɗa masa ba.

Sun koma aiki, yanzu suna babi na shida. Sai dai Baba ya rage sauri. Yakan tsaya a tsakiyar layi ya ce a dakata ya sake bi, abin da a aji ɗalibansa ba su san shi da shi ba. Kuma tun rana da sauranta yakan tafa hannu ya ce, "Ya isa haka. Tashi ki tafi, ke ma kina da gidanki." Auta ba ta san ko gajiya ce ko wani abin ya fahimta ba, kuma ba ta iya tambaya. Takan ce, "Mu ƙara ɗaya, Baba." Wani lokaci ya yarda, wani lokaci ya ce ya gaji.