Fadancin da Na Yi Saboda Buhun Taki

Jiya a wajen rabon taki a Rogo, na ji bakina yana kiran wani ɗan siyasa "uban marayu", alhali na san halinsa. Nan take marigayi kakana na Beli ya faɗo mini a rai.

Wata rana muna ɓarar gyaɗa a zaurensa, yatsunsa duk ƙasa, ya ce mini: "Fadanci daga fada ya samo suna, inda ake yabon mai iko don a ci. Munafunci kuwa Larabci ne, baki daban, zuciya daban. Tsakaninsu taku ɗaya ne."

Malam, masarata ta fara yin ja. Na karɓi buhun, har da durƙusawa.

Allah ya haskaka kabarinka. Ni kuma ya rufa mini asiri, ko bakina ya huta.