Mama Tabita, Mai Rufe Waɗanda Suka Faɗi

Har zuwa watan jiya, ranar Laraba ce ranar wankin Mama Tabita. Da hantsi za ka same ta a tsakar gidan da take haya a Illela, bayan tashar mota, ta zuba zannuwa goma sha biyu a baho tana cuɗa su ɗaya bayan ɗaya. Ba na ɗaurawarta ba ne, ba kuma wankau take yi ba. Tsofaffin atamfofi ne masu kauri, ita ta kashe musu baki da allura. In sun bushe ta ninke, ta jera a babbar jaka, ranar Alhamis bayan azahar ta ɗora a ka ta nufi coci.

Wanda bai taɓa shiga wurin addu'ar fitar da aljanu ba, bari a yi masa bayani. Fasto zai ɗora wa mutum hannu, ko ya daka tsawa da sunan Yesu, sai ka ga mace ta tafi da baya, tana birgima tana kuka. Ɗankwali ya yi nasa wuri, zane ya kwance. Idon kowa na kan fasto ko kan wadda ta faɗi. Mama Tabita ce ke tare ta kada ƙeyarta ta bugi siminti, sannan ta lulluɓe ta daga kafaɗa har idon sawu. Aikin ba shi da suna, ba shi da albashi, babu kuma wanda ya naɗa ta. Shekara ashirin da shida tana yinsa.

Daga Zuru ta zo garin nan tare da mijinta Dantani, mai facin taya, wanda ya rasu da daɗewa. Kunun zaƙi take sayarwa a tasha, da shi ta raini 'ya'ya uku. A wani taron farkawa ne na coci, tana matashiya, ta ga wata mata ta faɗi, tufafinta sun yaye, maza na leƙe suna kawar da kai suna sake leƙe. Ta cire mayafinta ta jefa mata. Da ta koma gida ta kasa cin tuwo. Mako na zagayowa ta zo da zane biyu.

Tana da tsarinta, ba ta kuma yarda a taɓa mata shi. Bayan mutum take tsayawa, ta ɗan karkata hagu, gwiwarta ɗaya a gaba. Ba ta kama kai, kafaɗa take tarba. Tun kafin a fara addu'a ta janye benci, ta tsince duwatsu, ta bi mata tana raɗa musu su cire tsinken ɗankwali. Wadda bakinta ke kumfa, ta juya ta gefe guda, ta hana a ɗura mata ruwa ko man addu'a. In an farfaɗo, ta ɗaura wa mace ɗankwalinta, ta ba ta ruwa, ta fitar da ita ta ƙofar baya. Abin da kuwa ta ji an furta a ƙasa, nan take barinsa.

Kiristocin Illela ba su da yawa, amma kansu bai haɗu a kan wannan addu'a ba. Mama Tabita 'yar tsohuwar majami'a ce, inda Fasto Habila, dattijo mai magana a hankali, yake kiwon jama'a. Shi a wurinsa, wanda ya ba da gaskiya ga Almasihu ba masaukin aljani ba ne. Yaƙin mai bi, in ji shi, da ƙarya ne da hassada da zuciyarsa, kuma makaminsa addu'a da haƙuri da Maganar Allah. Mai ciwo a yi masa addu'a a kai shi asibiti. Ba haka kawai yake faɗa ba. Ya taɓa binne wani mai farfaɗiya da aka sa ya zubar da maganinsa ya kama azumi.

A ɗaya gefen gari akwai sabuwar majami'a ta Fasto Gidiyon, mai jini a jika, mai muryar da ba ta buƙatar lasifika amma yake riƙe da ita. Shi yana cewa mugayen ruhohi na nan da ransu, suna bin jini, suna bin gida, kuma ruhun da ba a tona ba, aka sa ya faɗi sunansa a gaban jama'a, zai koma inda ya fito. Shi ma yana da shaidunsa. Akwai direban da ya daina shaye-shaye a hannunsa, akwai matar da ta yi wata huɗu ba barci ta samu barci. Mutumin kirki ne a mu'amala, ba a taɓa kama shi da abin kunya ba. Sauran jama'a kuwa, don Allah kada a tona su da yawa: ranar Lahadi suna gaban Fasto Habila suna gyaɗa kai, ranar Alhamis suna gaban Fasto Gidiyon suna ɗaga hannu.

An sha tambayar Mama Tabita wane ne mai gaskiya. Amsarta ba ta gamsar da kowa. "Na ga mai ciwo, na ga mai wasan kwaikwayo, na kuma ga abin da ban san sunansa ba," haka take cewa. "Amma duk cikinsu ban ga wadda ta cancanci a kalli tsiraicinta ba."

Abin da ya sa aka ɗauki alƙalami ya faru ne shekara uku da suka wuce, wata Asabar da rana tsaka, a babban taron da Fasto Gidiyon ya shirya a harabar majami'arsa. An kafa rumfuna, mutane sun zo daga Ƙonni, daga Sakkwato, har da waɗanda ba a san daga ina suke ba. Akwai mai ɗaukar bidiyo, don a lokacin an fara ɗora addu'o'in a waya kowa ya gani. Ana cikin waƙa, can baya inda mata suka cunkushe, wata ta yanke jiki. Mama Tabita ta tare ta kamar yadda ta saba. Sai matar ta kurma ihu da wata irin murya: "Ni na cinye shi! Ni na kashe ɗana! Ni ce!"

Mama Tabita ta san ta. Matar na da sana'ar abinci, tana da 'ya'ya mata da ba su yi aure ba, kuma ba ta daɗe da binne ƙaramin ɗanta ba. Faɗin wannan bai fallasa kowa ba, don matan da suka binne ɗa a garin nan ba su ƙirguwa. Ta kuma san abin da ke biyo baya. A Illela, in aka ce mace mayya ce, ba a tambayar addininta. Musulmi da Kirista duk za su janye yaransu, babu mai sake cin abincinta, babu mai neman 'yarta. Bidiyo kuwa ya fi ɗan kabu-kabu saurin tsallake iyaka. Kafin la'asar an kalle shi a Ƙonni.

Ba ta tsaya a kafaɗa ba ranar. Ta rufe matar ruf har fuska, ta ƙara zane na biyu, ta zauna dirshan ta ɗora kan matar a cinyarta. Mata huɗu 'yan zumuntar matan coci da ke kusa suka gane nufinta, suka kewaye su suka juya wa jama'a baya. Lokacin da Fasto Gidiyon ya ratso taron da lasifika, mai bidiyo na biye da shi, babu abin da ake gani sai tsohuwa da ƙunshin atamfa.

"Mama, ɗaga zanen," in ji shi. "Ruhun ya fara magana. Bari a gan shi, a kunyata shi."

"Yi addu'arka, Fasto. Allah na ganinta ta cikin zane."

"Mama, ba ki san abin da kike yi ba. In ba a tona shi yau ba, gobe wani yaron zai ci. Alhakin na wuyanki."

Mama Tabita ba ta raina maganar ba, don ita ma ta ji muryar, kuma ba ta yi kama da ta matar da ta sani ba. Duk da haka ta ce, "Na ji. In alhaki ne, ni zan ɗauka. Amma wagga fuska ba ta shiga waya. Ba ni ɗagawa."

Ya yi addu'ar a kan zanen, ransa a ɓace, ya daɗe yana yi. Matar ta yi laushi, kukanta ya koma na mutane. Suka ɗauke ta a lulluɓe, suka fita da ita ta baya, suka sa ta a mota. A taron da ya kai mutum ɗari huɗu, mata biyar ne kawai suka san ko wace ce.

Washegari Fasto Gidiyon ya aiko a faɗa wa Mama Tabita cewa sai ta ba da suna, don a ƙarasa aikin, in ba haka ba kada ta sake taka majami'arsa. Ta ce a gaishe shi. Kwana uku bayan haka Fasto Habila ya zo da kansa, ya zauna a kan tabarma, ya yaba mata sosai. Sannan ya gangaro kan abin da ya kawo shi. Yana son sunan shi ma, don a kai matar wurin likita, a samo takarda, ya ajiye ta a gaban taron fastoci kowa ya ga cewa baƙin ciki ne aka mayar aljani.

"Baba, asibiti mun kai ta tun ran Litinin," in ji Mama Tabita. "Addu'a kuma kullum muna yi mata, mu biyar. Mi za ka yi da sunan?"

"Don a kare wasu, Tabita."

"To, ka kare su da wa'azinka. Ita dai ba hujjar kowa ba ce."

Dattijon ya tashi bai sha kunun da aka kawo masa ba. Bai hukunta ta ba, amma an yi watanni gaisuwarsu ba ta wuce ina kwana.

Sai abin ya juyo kanta. Bidiyon ya fita, kuma fuskar da ke ciki tata ce: tsohuwa rungume da abin da ya ce ya ci yaro, ta hana a buɗe. Aka fara raɗe-raɗin cewa ba banza ba, 'yar ƙungiyarsu ta mayu take karewa. A tasha masu shan kununta suka ragu, wasu in sun hango ta sai su tuna suna da uzuri a wani gefen. Wata uwa ta fizge hannun 'yarta a gabanta, a bakin coci. Maƙwabciyarta Hadijatu, Musulma, wadda suka yi shekara ashirin katanga ɗaya, ita ce ta riƙa zuwa tasha tana sayen kunun tana sha a tsaye kowa na gani. "In mayya ce, da ni ta fara ci," in ji ta, "ga ni nan kuwa, ƙiba nake yi." Hadijatu ta shaida cewa ta sha jin kukan Mama Tabita ta bayan katanga a kwanakin nan. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, ba ta kuma ɓoye cewa ya yi mata ba.

Ɗaya daga cikin matan huɗu ce ta ba da labarin abin da ya biyo baya, ita ma ba ta kama suna ba. Wata safiya matar da aka rufe ta zo gidan Mama Tabita, ta durƙusa. Ta samu sauƙi, ta koma sana'arta, amma ta kasa zama da abin da take ji ana faɗa.

"Mama, ran Lahadi zan tashi a coci in ce ni ce. Ba zan iya ganin ana gudunki saboda ni ba."

"Ki ce ke ce, sai mi?" in ji Mama Tabita. "Sai su bar ni su kama ki, su kama ɗiyanki? Ni nawa sun yi aure, sun watse. Abin da ya rage mini a duniya bai kai abin da ya rage miki ba. Tashi, ɗiyata. Je ki hura wutarki, masu cin abinci na jira."

Ta tashi ta tafi tana share hawaye. Fastocin biyu har yau kowa na kan bakansa, kuma mai wannan rubutu ba shi da ilimin raba musu gardama. Mama Tabita ta ci gaba da zuwa ƙananan majami'un da suka yarda da ita, har watan jiya da gwiwoyinta suka ƙi ɗaukar nauyin kowa, ta ajiye aikin. Ba a yi mata taro ba. Cinikin kununta bai koma yadda yake ba.

Mama Tabita, ke ce kika tsaya a bayan mutane lokacin da kowa ya tsaya a gabansu yana kallo. Ke ce kika yarda sunanki ya ɓaci don na wata ya tsira, kina kuma sane da abin da kike yi. Mun gode, Allah ya saka miki, ya ba gwiwoyin nan sauƙi. Masu addu'a da masu musu, na kowane ɓangare, ku ci gaba da gardamarku in kun ga dama, amma a samu wanda zai tuna cewa wadda ke kwance a ƙasa gobe za ta fita kasuwa.

Matar da aka rufe tana nan a Illela. Ranar kasuwa mutane na layi a gaban tukunyarta, suna yi mata ciniki, suna tsokanarta ta ƙara nama. Bara ta aurar da babbar 'yarta, gari ya cika gidan. Mama Tabita ta je bikin, ta zauna can gefe a kan benci, kuma bencin nan babu wanda ya zauna kusa da ita sai uwar amarya.