Ranar Lahadin da na dafa alade a Palladan

Ina cikin juya naman alade a miyar madara da karas da koren wake, sai ga Maman Sadiya, maƙwabciyata a gidan haya, a bakin ƙofa. Kusan shekara ashirin ke nan da faruwar abin.

Kowace Lahadi bayan coci nakan zuba mata abin da na dafa. Ranar har la'asar shiru.

"Maman Rifkatu, na yi miki laifi ne?"

"Ko kaɗan. Alade ne yau."

Ta ɗan ja baya.

"To rufe kwano ki kawo haka nan, kada 'yan gida su ce mun ɓata."

Na kai mata sabon kwano babu komai a ciki. Ta karɓa a tsakar gida, tana ta godiya da ƙarfi.

Daga nan na mayar da girkin alade ranar Talata. Ku fa, ya kuke yi da naku maƙwabtan?