Kabarin da Ke Ɗauke da Sunana

A shekarun da ma'aikatu ke kwaso kayansu daga Legas zuwa Abuja, ni saurayi ne mai takardar difloma da girman kai, ina zaune a ɗakin yayana a Karu. Sai aka fito da wani shiri na ba marasa aikin yi alawus duk wata, da sharaɗin mutum ya riƙa zuwa inda aka tura shi. Ni aka tura ni koyarwa a wata firamare ta wani ƙauye kusa da Ushafa. Da na ji nisan wurin da jar lakar hanyar, na ce wallahi ba da ni ba.

A teburin mai shayi na haɗu da wani saurayi siriri mai yawan tari, wanda ya zo neman aiki bai samu ba. Muka shirya ya je ya amsa sunana, ya koyar a madadina, ƙarshen wata mu raba. Laƙabinsa kawai na sani, ko garinsu ban tambaya ba. Na koma barcin hantsi da karta. Da damina ta yi nisa ya daina zuwa karɓar rabonsa, kuma ina jin kunyar faɗa, daɗi na ji. An aiko daga ƙauyen ana neman 'yan'uwan malamin, na ɗauka asirina ne ya tonu, na sa maƙwabta suka ce ba su san mu ba.

Bayan kaka aka ce za a ba masu ƙwazo aikin dindindin, sai na wanke riga na tafi makarantar. Kafin in gabatar da kaina, na ambaci sunana ga hedimasta, wani dattijo ɗan garin, sai ya ɗauka malaminsu nake nema. Ya cire hula, ya yi mini gaisuwar rashi. Ya ce ciwon ƙirji ne, malamin bai taɓa fashi ba har ranar da ya faɗi a aji, sun nemi danginsa sun rasa, suka yi masa sutura da kansu. Ya ja ni bayan makaranta. Ga kabari an jera masa tukwanen da matan garin suka gina, ga ƙaramin allon ƙarfe, sunana da na mahaifina a jiki. Yara suka kewaye mu. Hedimastan ya tambaye ni mene ne haɗina da marigayin, na ce ƙanena ne, na ɗaga hannu na yi wa sunana addu'a.

Tun daga ranar ban sake karɓar abin da ban yi wa gumi ba. Ku matasa, in an ba ku tallafi da sharaɗin aiki, ku je da ƙafarku, kada ku ara wa kowa sunanku. Ni na tsufa yanzu, amma na san akwai wata uwa da ta jira ɗanta daga Abuja, kuma ni na hana a gaya mata inda yake kwance.