Alhamis Huɗu da Na Ci wa Ƙanwata

Ni ne da laifi, kuma ban taɓa shakkar haka ba. Na yi wa ƙanwata ƙarya a kan wata yarinyar zane mai tuƙa mota a sararin sama. Na ce mata yarinyar ta mutu alhali tana nan da ranta, kuma na bar ƙaryar ta zauna tsakaninmu har muka yi furfura. Wanda bai san mu ba zai ce abin dariya ne. Ni ma na daɗe ina gaya wa kaina haka.

Shekarar babban fari ce, zamanin soja. Ruwa ya ɗauke tun hatsi bai kai gwiwa ba. Baba ya tafi cin rani Kano kamar yadda ya saba, sai aka rufe iyaka, ya maƙale can. Muka rage mu uku a gida nan Matameye: Inna, da ni mai shekara goma sha biyu, da ƙanwata wadda na girme da shekara uku. Abincinmu jar dawar taimako ce da kamyo, babbar motar kaya, ke kawowa, tuwonta ja wur, ba ya riƙe ciki. Hukuma ta ce kowa ya kama noman rani, aka yanka wa kowane gida ɗan fili a fadama. Inna ta yi fangali goma sha biyu gefen wata rijiya, ta shuka salati da tumatir da shu, wato kabeji. Ban ruwan safe nata ne. Da la'asar tana can tana surfe a gidan wani Alhaji don ta samo tsaba da dusa, saboda haka ban ruwan yamma namu ne, ɗaya na jan guga, ɗaya na kai gwangwani.

A lokacin akwai tele, wato talabijin, guda a unguwarmu, ta gwamnati, cikin akwatin ƙarfe bisa doguwar ƙafa a tsakiyar fili. A samanta akwai wani allo mai shan rana da ke ba batir wuta. Wani tsohon soja ne ke riƙe da makulli, da 'yar bulalarsa ta tsara layi. Yawanci abin da ake nunawa manya ne cikin kaki suna yawo a garake, wato lambuna, suna ɗaga kan shu suna murmushi. Amma ran Alhamis, kafin magariba, ana sa mana namu: hotunan zane masu motsi, na tseren motoci tsakanin taurari.

Motocin ba su da taya. Kan wata hanya ta haske suke gudu, hanyar ta lanƙwashe ta zagaye wata, ta ratsa ta cikin duwatsu masu yawo a sama. Sunayen matuƙan ba su zauna a bakinmu ba, sai muka raɗa musu namu. Akwai Bunsuru, wani ƙato mai mota da ƙaho biyu, wanda ba ya cin tsere sai da ture. Akwai Mai Kitso, yarinya ƙarama da kitso biyu, motarta kamar kifi, kakanta ne ke yi mata gyara. Da Faransanci suke magana, da sauri kuma. Ni ne na fi nisa a lakwal, makarantar boko, cikin yaran layinmu, don haka ni ne tafinta. Rabin abin ji nake yi, rabi ƙirƙira, kuma ba mai iya ƙure ni.

Matsalar ita ce lokacin tseren shi ne lokacin ban ruwa. Ranar farko da muka gudu mu biyu, salatin ya kwanta, Inna ta zauna bakin fangali tana kallonsa. Da dukanmu ta yi da ya fi mana sauƙi. Ita ce ta yanke hukunci.

"Alhamis ɗaya kai, Alhamis ɗaya ita. Wanda ya je ya ba ɗan'uwansa labari. Wanda ya rage ya shayar mini da fangalin nan duka, kada ya tsallake ko ɗaya."

Haka muka yi, kuma ban san wasu kwanaki da suka fi mini waɗannan daɗi ba, duk da yunwa. Wanda ya kalla zai sheƙo fadama kafin a kira salla, ya tarar da ɗayan ya jiƙe sharkaf, sai labari a hanyar gida. Ƙanwata ba ta jin Faransanci ko kaɗan, amma ta fi ni iya ba da labari. Da hannu take yi, da baki, da dukan jikinta. Ta yi kukan injin, ta karkata, ta zama Bunsuru ta bangaje ni da kafaɗa har gwangwani ya faɗi.

"Sai ta yi nan, fiii! Sai ta yi can! Yaya, kana ji ko kana kallon jaki?"

"Ina ji mana. Me kakan ya ce?"

"Oho masa. Ya dai buɗe baki kamar naka."

Telen baƙi da fari ce, amma ƙanwata ta rantse motar Mai Kitso ruwan ɗorawa ce. Na ce ja ce, don duk motar kirki ja ce. Muka yi ta musu har Inna ta ce wanda ya ƙara ambatar mota a bakin tuwo zai kwana da yunwa. Sauran yara na neman kara da murfin kwalba su yi motoci, ga kara ya zama abincin dabbobi. Ƙanwata ta ce ita motarta ba ta neman taya. Ta ɗebi yumɓu a bakin rijiya ta gina kifinta, ta shanya, ta shafa masa garin ɗorawa da ta rage daga rabonta, tana shafawa tana lasar yatsa. Ta ɗaura masa zare, tana juya shi bisa kanta duk inda za ta.

Wata Alhamis tata, na gan ta tafe ba gudu. Ta iso ta tsaya, idonta ya yi ja.

"Bunsuru ya ture ta. Ta fita daga hanya, ta faɗa cikin duhu, tana ta juyawa. Sai aka ƙare."

Mako guda ba ta da wata magana. Ko tana jan guga sai ta tsaya ta ce, "Kakanta zai je nemanta, ko?" Ta roƙe ni in ba ta Alhamis ɗina. Na ƙi. Wannan kam haƙƙina ne, ba shi nake kuka da shi ba.

Na je na kalla. Mai Kitso ba ta mutu ba. Motarta ta sauka kan wani dutse mai yawo, ta fito da kanta ta kwance injin, ta ɗaure abin da ya karye da igiyar kitsonta, ta dawo kan hanya. Fili ya ɗauki ihu, har tsohon sojan ya manta da bulala. A ƙarshe mai magana ya ce babban tsere na tafe, ya faɗi sauran makonni. Na ƙirga da yatsu a hanyar fadama. Na sake ƙirgawa. Ranar babban tseren ta faɗa kan Alhamis ɗin ƙanwata.

Na same ta ta gama fangali na ƙarshe, zanenta na ɗiga, kifin yumɓun na rataye a wuyanta. Tun daga nesa ta ɗaga murya.

"Yaya! Ta tashi?"

Ban shirya ƙaryar a hanya ba, ko kuwa na shirya ban yarda na shirya ba. Na ce, "Ta mutu. Kakanta ya ɗauko gawar. An fid da motarta daga tsere."

Ta dube ni. "Ka ji da kyau? Ko dai Faransancinka ne?"

"Da idona na gani."

Ba ta yi kuka ba. Ta ɗauki gwangwani, ni na naɗe igiya. Muna gab da gida ta ce, "To, ka riƙa zuwa kai. Ni ba na son in ga Bunsuru yana ci." Abin da nake so ke nan, kuma ya zo da sauƙin da ya ba ni tsoro. Washegari na ga ta cire kifin daga wuyanta ta ajiye cikin fangali, ta zuba masa ruwa tare da salati. Kafin mu gama ya narke, sai zaren.

Na kama abokaina biyu da ke layinmu na ce duk wanda ya gaya mata, ba ni ba fassara masa. Suka yi shiru. Ita ma ba ta tambayi kowa ba, in ta ji yara na maganar tsere sai ta canza hanya. Alhamis huɗu nata na ci. Huɗu ta ja guga ita kaɗai a madadina, ban da nata ranakun, ta ɗauki gwangwani ta kai fangali goma sha biyu, da hannu irin na 'yar shekara tara a shekarar da ba a ƙoshi. Na ga tafinta ya yi kanta ya fashe, Inna na shafa masa man kaɗe. Na kalli babban tseren, Mai Kitso ta ci. Na yi ihu tare da kowa, na dawo na ce wa ƙanwata Bunsuru ne ya ci. Ta ce, "Ai na sani."

Ba a jima ba batir ya mutu, aka ce za a kawo wani daga Damagaram, ba a kawo ba. Abinci ya ƙara ƙarfi, Inna ta aika ƙanwata Kurni wajen kakarmu har damina. Ta dawo ta yi tsawo, ba ta ƙara gina komai da yumɓu ba. Ruwa ya zo, aka buɗe iyaka, Baba ya dawo da rediyo da atamfa. Muka girma. Ni na bi sawunsa zuwa cin rani, ita ta yi aure nan cikin gari, ta haifi 'ya'ya, ta je Makka. Sau da yawa na yi niyyar faɗa mata. Ranar bikinta na ce ba ranarsa ba ce. Ranar da muka binne Inna na ce abin ya yi ƙanƙanta a kawo shi. Kullum akwai dalili.

Bara, bayan sallar layya, muna zaune a tsakar gidanta ana hirar da, sai ta ba jikokinta labarin telen fili da motocin da ba su da taya. Ɗanta na biyu, wanda ke aiki a Damagaram, ya yi ta latsa wayarsa yana tambayarta kamannin motocin. Can ya ce, "Hajiya, ko wannan ne?" Ya miƙa mata.

Kiɗan farko kawai na ji, na gane shi. Ta kai wayar kusa da ido, sai ta buga cinya.

"Ɗorawa! Yaya, zo ka gani, ɗorawa ce! Ina jar taka?"

Yara suka yi ta dariya. Ta ce ya nemo mata inda aka ture yarinyar, ya nemo. Ta ce ya sa na bayansa, tana so ta ga yadda kakan ya yi. Na ce rana ta yi, za ni masallaci. Ta ce in zauna, ba a kira ba tukuna. Na zauna. Muka ga motar ta sauka kan dutse, muka ga yarinyar ta fito ta kwance kitsonta.

Ƙanwata ta sauke wayar bisa cinya. Sannan ta ce, a hankali, ba tare da ta dube ni ba, "Ashe ta tashi."

Ko a nan ban yi abin da ya kamata ba. Na yi 'yar dariya na ce, "Kin san Faransancina na lokacin." Ta ce, "Ka ce da idonka ka gani." Ta miƙa wa ɗanta wayar, ta tashi ta shiga ɗaki ta ce za ta duba nama. Naman yana waje bisa igiya.

Kwana uku na yi ina kewaya ƙofar gidanta. Ran Alhamis da la'asar na shiga. Tana da ɗan lambu a bayan ɗaki, fangali uku na salati da yakuwa, na same ta tana ban ruwa da bokiti, tana dafa ƙugu. Na karɓi bokitin daga hannunta. Na riga na sa ɗanta ya zuba dukan tseren a waya, na ajiye mata bisa tabarma a inuwa.

"Mene ne haka, Yaya?"

Na ce, "Yau taki ce. Da ta mako mai zuwa, da biyu bayanta. Ki zauna ki kalla, ni zan shayar. Ba Faransanci ne ya ruɗe ni ba, Hajiya. Na ga ta tashi, na ga ta ci babban tseren, na yi ihu a fili ke kina jan guga. Don in ci ranarki na ce miki ta mutu. Na ga kifinki ya narke, na ga hannunki ya fashe, na yi shiru. Na cuce ki, ƙanwata. Don Allah ki yafe mini."