Injin Yaya Yana Wajen Gyara

Ni dai ban taɓa sha'awar aikin katako ba, kowa a gidanmu shaida ne. Lokacin da Yaya, babban wanmu, ya ajiye aikin koyarwa ya sayo injin nan, ni na fi kowa yi masa dariya. Ƙaramin inji ne da ake ɗorawa bisa tebur, yana da siririn zarto a tsaye wanda bai fi tsinken tsintsiya kauri ba, yana hawa yana sauka kamar allurar keken ɗinki. Kai kuma ka riƙe katako da hannu biyu kana juya shi, zarton yana bin layin da ka zana. Da shi Yaya yake fitar da furanni da ganyaye da dagi a jikin katako, ya yi firam ɗin madubi, ya yi maratayin makullai, ya yi abin ɗora Alƙur'ani. Ba ya sayarwa, rabarwa yake yi. Da wuya ka shiga gidan ɗan'uwa a unguwar Gobarau, nan Katsina, ba ka ga aikinsa rataye a bango ba.

Na ce masa, "Haba Yaya, mutum da girmansa ya wuni yana huda katako sai ka ce gara?"

Ya ce, "Auta, kai dai je ka karanta jaridarka."

Auta yake ce mini har yau, da furfurata da jikokina.

Sai hawan jini ya kayar da shi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Ƙafar ta dawo kaɗan-kaɗan har yana takawa da sanda, bakin ma ya saki, amma hannun ya ƙi. Aka riƙa kai shi asibiti gashin ƙashi. Tun ranar farko ya faɗa wa masu gashin cewa shi ba ruwansa da riƙe cokali, ya iya cin tuwo da hagu in ta kama, abin da yake so shi ne hannun ya riƙe katako. Duk wahalar da suke ba shi, don wannan yake jurewa.

Wata rana da hantsi matarsa, wadda muke kira Hajiya, ta buga mini waya. Ta ce ta leƙa maƙwabta barka, ta dawo ta iske shi a ɗakin aikinsa, inji na kuka, jini ya ɓata katako da rigarsa. Zarton ya ci yatsansa na dama, shi kuwa ko ji bai yi ba, sai da ya ga ja a kan layi. Ga shi yana shan maganin da ke tsinka jini, da ƙyar aka tsayar da shi.

Ta ce, "Malam, don girman Allah ka zo ka fitar mini da abin nan daga gidan nan. In yana gani zai koma."

Na ce, "To in ya tambaya fa?"

"Mu ce wuta ta zo da ƙarfi ta ƙona shi, ka kai Kano gyara."

Ranar da aka kai shi gashi na zo na sa injin a bayan mota, da kwalin guntayen katakonsa da 'yan zartuna da na gani a kan tebur, na wuce da su gidana a Kambarawa. Wallahi a lokacin zuciyata fes take. Taimako na yi, kuma ko yau aka sake, zan ɗauke shi.

Injin ya yi wata da watanni a ɗakin ajiya, kusa da buhunan gero. Da damina ta sauka sai na ce bari in kunna shi kada ya yi tsatsa. Abin da na faɗa wa kaina ke nan. Na ɗauki wani guntun katako da Yaya ya zana ganye a kai, na tura. Ƙas! Zarto ya karye, har sai da na zabura. Haushi ya kama ni. Ni, da na yi shekara da shekaru ina riƙe da ofis, a ce ɗan tsinke ya gagare ni? Na sa wani. Wannan bai karye ba, amma abin da na fitar bai yi kama da ganye ba, ya fi kama da kunnen akuya da kare ya ciza. Na sake. Ban farga ba sai kiran sallar azahar na ji.

Ban san yadda zan bayyana daɗin abin ba ga wanda bai taɓa yi ba. Ka huda katako, ka zura zarton ta cikin hudar, ka ɗaure shi, ka ɗan taɓa shi da farce ka ji ya yi ƙara siririya. Ka sunkuya, ka hure gari daga kan layi, ka bi a hankali. Duniyar duk ta koma layin fensir ɗin nan. Tun da na bar aiki nake fama da zaman banza, ina neman faɗa da kowa a gida kan murfin buta da ƙarar rediyo. Cikin ɗan lokaci duk wannan ya wuce. Matata da kanta ta ce na yi sanyi. Amma ita ba ta barin magana a ciki. Ta tsaya a bakin ƙofa rannan, tana kallon garin katako a gemuna, ta ce, "Malam, wai ajiya aka ba ka ko aro?"

Na ce mata ta je ta duba tukunyarta.

Kowace Juma'a in an sauko daga masallaci nakan bi ta Gobarau in gaishe da Yaya. Kafin in fita sai na kakkaɓe hula, na wanke hannu har ƙarƙashin farce, kamar yaron da ya saci ƙuli-ƙuli. In iske shi a tsakar gida bisa kujerar roba, yana matsa wata 'yar ƙwallo da aka ba shi a asibiti. Mu gaisa, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, in tambayi jiki, ya ce da sauƙi. Daga nan sai tambayar da nake tsoro.

"Auta, mai gyaran nan mutuwa ya yi halan?"

In ce wani ƙarfe ake jira daga Legas. Wani makon in ce ƙarfen ya zo amma bai yi daidai ba. Hajiya tana gefe tana tsince shinkafa, ba ta ɗaga kai. Ni da ban iya ƙarya ba sai ga ni na ƙware, har da ƙirƙiro wa mai gyaran ciwon baya.

Abin da ya fi wannan muni, na kasa riƙe bakina. Akwai abubuwan da suka gagare ni a aikin, kuma duk Katsina ban san wanda zan tambaya ba sai shi. Sai na riƙa lallaɓowa ta gefe. In nuna firam ɗin da ke bangonsa in ce, "Yaya, wai wannan kwana mai tsini yaya aka yi ta fita haka?" Nan take fuskarsa ta washe. Ya ajiye ƙwallon, ya ɗaga hannun hagu yana kwatantawa: ba a tura katako da ƙarfi, zarto ake bari ya ci da kansa, in ka zo kwana ka tsaya cak, ka juya katakon a wuri ɗaya. Ya yi ta bayani har yawu na zubo masa ta gefen baki, yana gogewa yana ci gaba. Daga ƙarshe ya ce, "Bari dai injin ya dawo, in nuna maka da hannuna." Ni kuwa in koma gida in gwada abin da ya faɗa kafin magariba, a kan injinsa, da katakonsa. Kuma ya fita daidai.

Ana nan sai hannun ya fara motsi. Na je rannan na iske shi riƙe da kofin shayi da dama, yana rawa amma bai zuba ba, shi kuma sai murmushi yake kamar ango. Da zan tafi Hajiya ta biyo ni zaure. Ta ce masu gashi sun ce ana samun ci gaba, kuma ita tausayinsa ya ishe ta, tana ganin ko a dawo da injin, a riƙa kunna masa in akwai mutum kusa.

Gabana ya faɗi. Ba zan ɓoye ba, faɗuwa ya yi, kamar an ce za a ƙwace mini gida. Wana uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya goya ni ya kai ni makarantar allo, yana samun sauƙi, ni kuma abin da ya fara zo mini a rai shi ne maratayin makullai da ban gama ba. Bakina ya ce alhamdu lillahi. Sannan na gyara murya irin ta manya na ce, "Hajiya, kada mu yi gaggawa. Riƙe kofi daban, riƙe katako gaban zarto daban. A ƙara masa lokaci."

Ta ce, "Gaskiyarka, Malam. Allah ya bar zumunci."

Maganar da na faɗa gaskiya ce, kowane likita zai faɗi haka. Wannan ne ya fi ci mini rai, domin babu wanda zai kama ni da laifi, ni kaɗai na san daga inda maganar ta fito. A mota na riƙa istigfari, amma ban juya na koma na ce mata a dawo da shi ba.

Bayan wasu makonni zartunan da na kwaso suka kusa ƙarewa. Na zaga kasuwa wajen masu kayan kafinta, kowa sai ya juya abin a hannu ya ce bai san shi ba. Saura guda biyu, kuma sirara ne, da na sa sai su karye. Ranar Juma'a na kasa haƙuri. Bayan mun gaisa na ce, kamar hira, "Yaya, wai me ke sa siririn zarto yawan karyewa?"

Bai ɗaga hannu ya yi bayani ba wannan karon. Ya dube ni, ya daɗe yana dubana.

Ya ce, "Katako mai kauri kake ba shi. Kuma kana da gaggawa, tun kana yaro haka kake."

Na buɗe baki in ce wani abu, ya ce, "Zamna, Auta. Mi za ka ce? Mutumin da ke karanta jarida ba ya tambayar karyewar zarto. Tun kwanar nan mai tsini na gane."

Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa idona. Na fara ba shi haƙuri, ina ce masa gobe-goben nan zan dawo da shi. Ya girgiza kai. Ya ce shekaranjiya ya sa an ba shi almakashi da takarda, ya ja layi, ya ce bari ya gwada bi. Ya nuna mini takardar, tana ƙarƙashin kujerarsa. Yankan ya bar layin tun daga farko bai sake komawa ba. Ya ce ya gwada har takarda ta ƙare.

Na ce, "Ai sauƙi na zuwa, Yaya. Dubi kofi."

Ya ce, "Kofi." Ya yi 'yar dariya. Sannan ya ɗaga murya ya kira Hajiya, ya ce ta ɗaga katifarsa ta wajen kai, akwai gwangwanin alewa, ta kawo.

Ta kawo tana mamaki, ita ma ba ta san da shi ba. Ya ɗora bisa cinya ya yi ta kokawa da murfin da hannun hagu, ya hana a taimaka masa. Da ya buɗe sai ga zartuna cike, ɗauri-ɗauri, kowane kauri da nasa, an naɗe su cikin tsumma mai ɗan maiƙo. Ya ce tun ranar da ya dawo daga gashi ya ga babu injin ya ɓoye su, don kada su ma a kai su gyara. Hajiya ta juya ta shige ɗaki, ina jin shesshekarta.

Ya miƙo mini. "Tafi da su. Masu kaurin na katako mai tauri ne. Ka riƙa kawo mini abin da ka yi ina gani."

Na karɓa da hannu biyu. Idona ya kawo ruwa, wannan gaskiya ne. Amma ƙarƙashin hawayen akwai murna, tsagwaronta, kuma na ji ta sarai. Tun kafin in kai mota na fara tunanin wanne zan fara sawa.

Ranar Litinin da hantsi akwai wuta, ina kan injin, na sa sabon zarto yana tafiya sumul ba gardama. Waya ta yi ƙara, na kashe injin don in ji. Hajiya ce. Ta ce motar da ke kai Yaya asibiti ta zo tana ƙofar gida, shi kuma ya ce a sallami direba, ya gama zuwa gashi, ba abin da zai yi da hannun kuma. Ta roƙe shi, babban ɗansa ya roƙe shi, ya juya fuska bango. Ta ce, "Malam, ka zo ka yi masa magana, kai yake ji."

Na ce mata ga ni nan zuwa yanzu-yanzu.

Na ajiye wayar, na dubi katakon. Saura ganye ɗaya in gama furen. Sai da na kunna na ƙarasa shi, sannan na nemi makullin mota.